Tambayoyin Fasaha: Wa Ke Leƙen Abin Da Kake Latsawa A Waya?

Tambaya: Malam, mene ne kiloga da nake ta jin ana ambata? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Manhaja ce, ko 'yar ƙaramar na'ura, da ke rubuta duk harafin da ka latsa ta aika wa wanda ya dasa ta. Ta girme ka nesa ba kusa ba. A 1984 Amurkawa suka gano cewa jami'an leƙen asirin Tarayyar Sobiyet sun ɓoye irinta a cikin tafiretocin IBM na ofishin jakadancinsu da ke Mosko.

Tambaya: An kwashe min kuɗi daga walet ɗin wayata cikin dare. Na canza fin (lambar sirri), bayan mako guda aka sake. Wallahi ban taɓa gaya wa kowa lambata ba. Abin da na sani kawai, ina amfani da GB WhatsApp da wata manhajar kallon ƙwallo kyauta da abokina ya turo min ta Xender. (Ɗan kasuwa daga Kano)

Amsa: Allah Ya mayar maka da alheri, Alhaji. Amma ka amsa tambayarka da bakinka, kuma wannan magana ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Mutumin da ba zai bar baƙo ya zauna kusa da durowar kuɗinsa a shago ba, shi ne zai karɓi manhajar da bai san wanda ya ƙera ta ba, ya zaunar da ita a wayar da jarinsa yake ciki, don kawai ya karanta saƙon da aka goge ko ya kalli Arsenal ba tare da ya biya ba.

Waɗannan WhatsApp ɗin na bayan fage ba na kamfanin Meta, mai WhatsApp na asali, ba ne. Wani ne ya farke ta asali, ya cusa abin da ya ga dama, ya ɗinke. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin FMWhatsApp, a 2022 ya sake gano ta a YoWhatsApp. Duk Kanwar ja ce.

Ga yadda akan yi maka shigo-shigo ba zurfi. Kana buɗe manhajar sai ta ce ba za ta yi aiki ba sai ka ba ta izini a sashen Accessibility. An yi wannan sashe ne domin masu larurar gani da makamantansu, shi ya sa duk manhajar da ta samu izinin tana iya karanta abin da ke kan fuskar waya, ta ga abin da kake rubutawa, har ta latsa maɓalli a madadinka. Tun daga Android 13 Google ya sa shinge ga manhajojin da aka shigo da su daga wajen Play Store, amma mutanenmu sai su nemo bidiyon da zai koya musu cire shingen, su bi shi tiryan-tiryan kamar masu haddar karatu. Daga nan an gama. Ka buga fin, ta gani. Banki ya turo lambar tabbatarwa ta tes, ta karanta kafin ka ɗago kai.

Canza fin ɗin da ka yi a kan wannan wayar zuba ruwa ne a kwando, don ɓarawon yana kallon sabon kamar yadda ya kalli tsohon. Yanzu ka kashe data, ka kira masu walet ɗin da wata waya su rufe asusun. Ka kwashe hotuna da lambobin mutane kaɗai, ban da manhaja ko ɗaya, ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Kalmomin sirri kuma a wata na'ura mai tsabta za ka canza su, ka fara da na imel, domin ta nan ake sake buɗe duk sauran.

Sai al'adar da nake ta roƙon masu karatu su ɗauka: layin da ka yi rajistar banki da shi, cire shi ka sa a ƙaramar waya mai tocila. Ba ta ɗaukar irin waɗannan manhajoji, saboda haka lambar tabbatarwa ba ta sauka inda ɓarawo zai gani. Ka kuma sa wa layin kansa fin saboda ranar da wayar za ta faɗi. Ni haka nake yi, haka na yi wa mutanen gidana.

Tambaya: Nakan buɗe imel ɗina a kafe idan zan buga takardu. Da matsala? (Malamar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Da babba, Malama. Ba ki san abin da aka sa a kwamfutar ba, kuma akwai kiloga mai kama da filas da ake maƙalawa tsakanin wayar kibod da bayan kwamfuta. Ki tura wa mai kafen takardar daga wayarki, ya buga miki.

Tambaya: Kalmomi 12 na walet ɗin kirifto na ɗauke su hoto na ajiye a waya, na kuma rubuta a Notes. Ya isa? (Matashi daga Kaduna)

Amsa: Ɗan'uwa, ka rataye makullin gida a jikin ƙofa ke nan. Duk wanda ya ga kalmomin nan ya mallaki kuɗin, kuma babu manajan bankin da za ka je ka yi wa kuka. Buɗe sabon walet, rubuta sababbin kalmomin da biro a takarda, mayar da kuɗinka can, ka manta da tsohon. Kada ka ce kai gwani ne. A 2022 an kutsa kamfanin LastPass, wanda sana'arsa ke nan adana kalmomin sirri, ta hanyar dasa kiloga a kwamfutar gida ta wani babban injiniyansu. In jarin ya yi kauri, sayi na'urar adana kirifto ta Ledger ko Trezor daga kamfanin kai tsaye. Kuma duk lokacin da ka kwafi adireshin da za ka tura wa kuɗi, duba farkonsa da ƙarshensa bayan ka liƙa, don akwai manhajar da aikinta musanya shi da na ɓarawo.

Tambaya: Na sauke kibod mai furanni da hotuna, ƙanena ya ce in cire. (Wata baiwar Allah daga Kumasi)

Amsa: Ƙanenki ya fi ki gaskiya, Hajiya. Kibod yana ganin komai da kika rubuta. A 2017 bayanan mutum sama da miliyan 31 masu amfani da kibod ɗin ai.type suka fita fili. Ki koma Gboard, kibod ɗin Google, ko wanda ya zo da wayar, shi ma ana canza masa launi.

Tambaya: Ni iPhone gare ni, ai na tsira ko? (Daga Abuja)

Amsa: Ka rage haɗari dai. Shafin bogi da ka rubuta kalmar sirrinka a ciki bai damu da kuɗin wayarka ba. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu da manhajar Google Authenticator, lambar da take bayarwa tana canzawa duk daƙiƙa 30.