Amsa: Su wa suka rubuta Sabon Alkawari?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne a taron bishop-bishop na birnin Nikiya aka zaɓi littattafan Sabon Alkawari aka ƙone sauran, kuma ko Matiyu, Markus, Luka da Yahaya ne da kansu suka rubuta bisharun. Na daɗe ina koyar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'armu, kuma kusan kowace shekara sai an yi mini wannan tambayar.

Zancen Nikiya dai ba shi da tushe. Taron na shekarar 325 kan rikicin koyarwar wani limamin ikkilisiya mai suna Ariyus ne game da matsayin Almasihu, da kuma ranar Ista. Jerin littattafai 27 kamar yadda muke da su yau, a wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ta shekarar 367 ya fara bayyana cif-cif. Kafin nan ikkilisiyoyi sun daɗe suna karanta mafi yawansu, gardamar ta tsaya kan kaɗan, irin su Wahayin Yahaya, Bitrus ta biyu da Ibraniyawa.

Batun marubuta ne ya fi nauyi. Buɗe bisharun nan huɗu ka karanta da kanka: babu wadda marubucinta ya faɗi sunansa a cikin nassin. Sunayen daga al'adar ikkilisiya ta ƙarni na biyu suka zo. Fafiyas, wani bishop na wancan zamani, ya ce Markus tafintan Bitrus ne, shi kuma bishop Ireniyus wajen shekarar 180 ya ambaci huɗun da sunayensu. Luka ma a farkon littafinsa ya gaya wa Tiyofilas cewa bincike ya yi daga waɗanda suka gani da ido, bai ce shi ya gani ba. Yawancin masana na ganin Markus ce ta fara fitowa, wajen shekarar 70, sannan Matiyu da Luka suka ɗebo daga gare ta. Jera labarin shanyayyen da aka kawo wa Yesu a kan shimfiɗarsa a cikin ukun, za ka ga yadda kalmomin suke bin juna.

Abin da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne wasiƙun Bulus sun girmi bisharu. Tasalonikawa ta fari wajen shekarar 50 aka rubuta ta, da Helenanci kamar sauran. Cikin 13 da ke ɗauke da sunansa, bakwai ne kusan kowa ya yarda nasa ne, ana ta muhawara kan sauran, musamman Timoti da Titus. Ko Romawa ma shifta ya yi, Tartiyus ya rubuta, ya kuma sa gaisuwarsa a sura 16 aya 22. Ibraniyawa kuwa, tun ƙarni na uku masanin Littafi Mai Tsarki Orijen ya ce Allah kaɗai ya san marubucinta.

Ni a ganina gara matasa su ji waɗannan abubuwa a aji daga bakin malaminsu. Na ga waɗanda aka ɓoye musu, ranar da suka ci karo da su a Facebook sai suka ɗauka yaudararsu aka yi tun farko.