Binciken da ke cin ƙura, da wanda ke isa teburin minista

Tambaya: Malama, ina karatun digiri na biyu, aikina kan daidaito tsakanin maza da mata ne. Malamin da ke duba aikin ya dage sai na haɗa ilimin tattalin arziki da na zamantakewa da na shari'a. Yayana kuwa cewa yake ɓata lokaci ne, takardu ne da za a jibge su ci ƙura. Irin wannan bincike ya taɓa sa wata gwamnati ta sauya wani abu?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, yayanki bai yi ƙarya duka ba. Ni kaina akwai kundin da na kwashe shekara biyu a kansa, ban jin mutum biyar sun buɗe shi. Amma a wannan magana, bayan malaminki nake.

An daɗe masana tattalin arziki na ɗaukar gida tamkar aljihu ɗaya: miji ya karɓi kuɗi ko mata ta karɓa, duk kanwar ja ce. Masana zamantakewa da ke shiga gidaje su zauna da mutane sun san ba haka abin yake ba, sai dai ba su da alƙaluman da ministan kuɗi ke saurara. A ƙarshen shekarun 1970, Birtaniya ta soke rangwamen harajin yara, wanda galibi a albashin uba yake ƙarewa, ta koma biyan uwa a hannunta. Masaniyar tattalin arziki Shelly Lundberg da abokan aikinta biyu suka bi sawun kuɗin, a 1997 suka nuna cewa abin da ake kashewa kan tufafin yara da na mata ya ƙaru idan aka gwada da na maza. A wannan shekarar ce Meksiko ta fara shirin Progresa mai miƙa tallafi ga uwa kai tsaye, ƙasashe da dama kuma suka kwaikwaya.

Ga inda haɗin ya yi rana. Alƙaluman Progresa sun nuna yara sun ƙaru a makaranta, kowa na murna. Sai masu binciken zamantakewa irin su Maxine Molyneux suka ce a dakata: wa ke kai yaro asibiti, wa ke zaman tarukan da aka wajabta kafin a biya? Uwa ce, a kan aikin da ya riga ya yi mata yawa. Mai lissafi shi kaɗai da wuya ya hango wannan.

Ɓangaren shari'a kuma, dubi Indiya. Gyaran tsarin mulki na 1993 ya ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisun ƙauye. A 2004 masana tattalin arziki Esther Duflo da Raghabendra Chattopadhyay suka gano cewa inda mace ke shugabantar majalisar, an fi zuba kuɗi a ruwan sha.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Kada ki jera fannoni uku don kawai a ce kin haɗa. Ki riƙe tambaya guda ƙarama, ki nemi kowane fanni a lokacin da ɗayan ya gaza. In kin kammala, ki matse sakamakon a shafi biyu, ki fara ba yayan naki ya karanta.