Amsa: Ina ake kallon wasan daɓe a Zariya?

Malam, ka ce ka dawo Zariya da zama, kana neman inda za ka kalli wasan kwaikwayo ido da ido, ba a waya ba. To, nufi Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, ka tambayi Drama Village.

Wajen kansa abin kallo ne. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi a shekarun 1970, da ginin ƙasa irin na gidan Bahaushe: ɗakuna zagayayyu sun kewaye fili, sama a buɗe. Ɗan wasa na iya ɓullowa ta bayanka, ka juya ka gan shi dab da kai. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo ne ke yin yawancin wasannin, saboda haka sai makaranta na ciki, musamman wajen ƙarshen zangon karatu da ake gwada su. Akasari da Turanci ake yi, kada ka ce ban faɗa maka ba. In lokacin hunturu ne, tafi da rigar sanyi.

Barkwanci kuwa, namu bai saba zama a zaure mai tikiti ba. 'Yan kama da 'yan gambara a gidan biki da kasuwa ake cin karo da su, su ma sun yi ƙaranci yanzu. Ni dai shawarata, jira goma ga azumi, ka shiga cikin birni bayan tarawihi, yara masu tashe za su sa ka dariya har cikinka ya ƙulle. Ka dai tanadi canji a aljihu.