Amsa ga ɗalibar jinya game da kundin aji

'Yata, na karanta tambayarki, inda kika ce ke da 'yan ajinku kuna son ku buɗe kundi guda wanda kowa zai riƙa zuba abin da ya koya a ɗakunan majinyata, kuma kina neman sanin yadda za ku fara. Shawarar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin wadda aka tura ɗakin haihuwa ba ta ganin abin da ta ɗakin tiyata take gani, kuma 'yan makonnin da ake ba ku a kowane sashe ba sa isa mutum ya ci karo da komai. Aikinmu dama da rubutu ya ginu. A shekarar 1847, a babban asibitin birnin Viyana, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya dubi lissafin masu jego da ke mutuwa a ɗakuna biyu, ya ga na likitoci da ɗalibansu ya fi na ungozomomi nesa ba kusa ba, sannan ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu matuƙa. Da ba a ajiye lissafin ba, da bai gane inda gizo yake saƙa ba.

Sai dai kafin ku rubuta layin farko, ku zauna ku yi yarjejeniya a kan sirrin majinyaci, domin labarin ciwonsa amana ce da ya ba ku a lokacin da ba shi da zaɓi. Ɗalibai da yawa suna zaton cire suna ya wadatar, alhali bai wadatar ba. Lokacin da nake ɗaliba na taɓa rubuta labarin wata baiwar Allah da aka kwantar, ban saka sunanta ba, amma na ambaci shekarunta da sana'arta da yawan 'ya'yanta da ranar da aka kawo ta. Ina cikin karantawa a gaban aji sai na ga fuskar wata abokiyar karatuna ta canza, ashe maƙwabciyarsu ce, kuma ko dangin matar ba su san irin ciwon da ke damunta ba. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar da Amurka ta kafa a 1996 game da bayanan lafiya sun lissafa abubuwa 18 da ake iya gane mutum da su, cikinsu har da ranar kwanciya da ta sallama, da lambar kati, da lambar waya, da hoton fuska, da shekaru idan sun haura 89. Ko ba a ƙarƙashin wannan doka kuke ba, ma'aunin yana da amfani. Ku rubuta “mace mai matsakaicin shekaru” maimakon adadin shekarunta, ku bar lambar gado, kada kuma kowa ya ɗauki hoton rauni ko na takardar gwaji da wayarsa. Idan ciwon ba kasafai ake ganin irinsa ba, to ciwon kansa yana iya tona mai shi, sai ku nemi iznin malaminku tukuna.

Abu na biyu shi ne ingancin abin da aka rubuta, kuma a nan nake da tsauri. Kuskuren da ke cikin littafinki ke kaɗai zai ɓatar, amma wanda ya shiga kundin aji kowa zai kwashe shi zuwa bakin gado. Ki dubi ƙaramin ɗigo: idan aka rubuta .5 ba tare da sifili a gaba ba, ido mai gajiya zai karanta 5, wato ninki goma ke nan, haka kuma 1.0 kan koma 10 idan ɗigon ya dushe. Saboda haka ake rubuta 0.5, ake kuma rubuta 1 shi kaɗai. Harafin U da wasu ke sakawa bayan adadin insulin, maganin ciwon sukari, a madadin kalmar “unit”, an sha karanta shi a matsayin sifili, shi ya sa ake rubuta kalmar a cike. Maganin yara kuwa da nauyin jiki ake auna shi, don haka duk wanda ya kawo adadi ba tare da nauyin yaron ba bai kawo komai ba. Ku mayar da shi doka cewa babu wani adadin magani da zai shiga kundin sai an faɗi littafin da aka samo shi, kuma malami ko mai harhaɗa magunguna ya duba ya sa hannu.

A kowane rubutu ku raba abu uku, wato abin da majinyaci ya faɗa, da abin da kuka auna ko kuka gani da idonku, da abin da kuke zato. “Ya ce kansa yana juyawa” daban yake da “bugun jijiyarsa 118 a minti ɗaya”, kuma dukansu daban suke da “ina zaton jini yake zubarwa”. Wanda ya saba da wannan rarrabewa tun yana ɗalibi ba zai sha wahalar miƙa aiki ga masu karɓarsa ba.

Tsarin gudanarwa ba shi da wuya. Ku raba makonni a tsakaninku, mutum biyu su riƙa tacewa, kowane rubutu ya ɗauki kwanan wata da sunan mai shi, kuma kundin ya tsaya a hannun 'yan aji da malamansu. Ina so ku ware wuri na kurakuranku, kamar jijiyar da aka kasa samu ko awon jinin da aka yi da abin ɗauri da ya yi wa hannu ƙanƙanta har adadin ya fito sama da gaskiya, amma kowa ya rubuta nasa, kada a ambaci ma'aikacin da aka gani ya yi ba daidai ba. Wannan ana kai shi ga shugabar ɗaki ne kai tsaye.

Ku fara da abu mai sauƙi, kamar awon zafin jiki da numfashi da hawan jini, sannan ki kawo mini rubutu uku na farko mu duba tare kafin ku raba wa sauran 'yan ajin.