Muryar WhatsApp: Amsa kan mai farin doki a zanen yaƙin Adwa

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Yaya, na ga hoton zanen da ka turo na yaƙin Adwa, kana tambaya wane ne wancan mai farin doki a sararin sama, ko wani kwamanda ne. To, ba kwamanda ba ne. Giyorgis ne, waliyyin da Kiristocin Habasha ke girmamawa ƙwarai, Turawa na ce masa Sen Joj.

Ka san an gwabza yaƙin nan ran 1 ga Maris, 1896, Sarkin Habasha Menelik na Biyu ya karya rundunar Italiya ta Janar Baratiyeri. A kalandar Habashawa ranar ta faɗo 23 ga watan Yekatit, kuma kowace 23 ga wata ranar Giyorgis ce a cocinsu. Har tabot ɗinsa suka ɗauka zuwa fagen fama, wato allon nan mai tsarki da kowace coci take ajiyewa a madadin Akwatin Alkawari, wanda aka ajiye allunan dokokin da aka ba Annabi Musa a ciki. Shi ya sa mai zanen ya ɗora shi sama da kowa, da mashi a hannu, an kewaye shi da kore da rawaya da ja, launin tutarsu. Abin da yake faɗa shi ne nasarar daga sama ta zo, ba daga yawan bindiga kawai ba.

Amma abin da ya fi burge ni, don Allah ka ƙara girman hoton ka dubi fuskoki. Habashawa duk fuskarsu a buɗe take, ido biyu kake gani. Sojojin Italiya kuwa ta gefe aka zana su, ido ɗaya. Wannan ba rashin gwaninta ba ne, tsohuwar ƙa'idar zanen cocinsu ce: mutumin kirki a nuna cikakkiyar fuskarsa, mugu a nuna rabi. Ko wanda bai iya karatu ba, da ya kalla ya san ɓangaren da mai zane ya ba gaskiya.

Mai laima a kansa ɗin nan Menelik ne. Macen da ke kan doki kuma matarsa ce, Sarauniya Taitu, ita ma da rundunarta ta je yaƙin, ba ado aka sa ta ba.

Saboda haka kada mu karanta shi kamar hoton kyamara, Yaya. Bayan nasarar ma Menelik coci ya gina wa Giyorgis a Adis Ababa, tana nan har yau.