Filin Tambaya da Amsa: Dokin da ya bar fagen tsere

Assalamu alaikum. Ina ganin tsere a talabijin, dawaki na jan ɗan keke, mutum na zaune a baya, kuma ba sa sukuwa. An ce mini a Amurka idan sun bar tsere kusan kyauta ake ba da su. Wane irin doki ne, kuma zai rayu a nan?
*Mai karatu, unguwar Zariya, Maradi*

Wa alaikumus salam, Malam. Idan tashar Faransa ka kalla, mai yiwuwa dokin Faransa ne da ake kira Trotteur Français, a filin Vincennes na birnin Paris. Na Amurka sunansa Standardbred. Sunan ya samo asali daga ma'aunin da aka kafa a 1879: ba a rubuta doki cikin rajista sai ya yi mil 1, wato mita 1,609, cikin minti 2 da daƙiƙa 30. Kusan dukansu zuriyar ingarma ɗaya ne, Hambletonian 10, wanda aka haifa a 1849. Tafiya iri biyu suke tsere da ita. Wasu sassarfa, ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu. Wasu kuma ƙafafun gefe ɗaya suke ɗagawa tare, sak tafiyar raƙumi.

Maganar ba da su riƙo kusan kyauta gaskiya ce. Akwai ƙungiyoyi irin su Standardbred Retirement Foundation, da aka kafa a jihar New Jersey a 1989, masu karɓar dokin da ya bar tsere su nema masa gida. Amma ana biyan kuɗi kaɗan, ana sa hannu a takarda, ana kuma bin sawun dokin a ga yadda ake riƙonsa. Doki ne mai sanyin hali, ya saba da hayaniya da kayan ɗauri, sai dai yawancinsu ba su taɓa ɗaukar mutum a baya ba, kuma tun suna duƙushi aka hana su sukuwa. Mai riƙo shi zai koya masa sirdi, da ma'anar matsin ƙafa, da cewa sukuwa ba laifi ba ce. Mai tafiyar raƙumi kuwa ana jera masa sanduna a ƙasa yana tsallakawa har ya koma sassarfa.

Kawo shi Maradi dai ba mu goyi baya ba. Akwai cutar dawakin Afirka da ƙyashi ke yaɗawa daga magariba zuwa asuba, musamman da damina, kuma tana iya kashe 9 cikin 10 na baƙin dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Namu da suka tashi a cikinta sun fi jurewa. Ga zafin bazara mai wuce digiri 40. Idan sha'awarka doki mai hankali ne da za ka riƙa fita kilisa da shi, duba tambaya ta gaba.

Ranku ya daɗe. Wani abokina zai ba ni dokinsa da ya daina sukuwa, ya ce shekarunsa 9 kuma lafiyarsa ƙalau, gudu ne kawai ya ragu. Me zan duba kafin in karɓa?
*Wani Alhaji daga Tibiri*

Alhaji, doki mai shekara 9 bai tsufa ba, yana iya ɗaukar ka shekara 10 nan gaba ko fiye. Abin tambaya shi ne me ya rage masa gudun, domin sau da yawa amsar tana ƙafa ko huhu. Ko da abokinka amintacce ne, ka je da likitan bisashe, kuma ku je da sassafe kafin a motsa dokin, don ɗingishin da ke ɓoye yakan ɓace idan jiki ya yi ɗumi.

Fara da baki. A shekara 5 haƙoran gaba na manya duk sun fito. Wajen shekara 10 wani ɗan zane mai duhu yakan ɓullo daga dasashi a haƙorin sama na gefe, ya kai rabin haƙorin a shekara 15. Idan zanen ya kai rabi, ba ɗan shekara 9 ba ne. Tunda bakin yana buɗe, duba harshe da dasashin da linzami ke kwanciya. Linzamin nan namu mai zobe yana yanka harshe idan mahayi mai zafin hannu ne wajen zamiya, kuma dokin da ya sha wannan zai riƙa fizgar kai har sai an yi haƙuri da shi.

Daga nan ƙafafu, kuma a nan ne ya kamata ka daɗe. Shafa bayan ƙwaurin gaba daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙafa ɗaya sannan ɗayar. Jijiyar da ke nan ta zama miƙe, siririya, mai sanyi. Idan ta tanƙwaro kamar baka, ta taɓa yagewa. Tsohon kumburi mai tauri da sanyi ba ya hana tafiyar kilisa, amma mai zafi, wanda dokin ke janye ƙafa idan ka matsa, sabo ne, kuma jinyarsa wata 6 zuwa shekara ce. Tabon lalas a ƙwauri ma labari yake ba ka. Sai a ja shi da ragama yana sassarfa a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. Kalli kansa: idan yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, ita ce mai ciwo. Likita zai lanƙwashe kowace ƙafa na kamar minti 1 ya saki, a sake sassarfa. Abin da ya ɓoye a nan yake fitowa.

Farin gashi a gadon baya alamar tsohon mikin sirdi ne. Ƙuraje da suka jeru kamar carbi a ƙafa ko ƙirji suna fitar da mugunya kuwa, bar wannan dokin a inda yake, cutar tana da wuyar magani kuma tana bin kayan doki zuwa wani. Ka tambaya ko ya taɓa haɓo bayan sukuwa. Lafiyayyen doki a tsaye zafin jikinsa digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16.

Roƙi a bar maka shi mako guda kafin magana ta tabbata, saboda allurar kashe zafi tana rufe ɗingishi na ƴan kwanaki. Idan kana da wani doki ko jaki a gida, turke da bokitin baƙon su zama daban har kwana 21. Masu jakai a ƙasar nan ba su manta da murar da ta ratsa Nijar a 2019 ba.

Dokin da na karɓa ya saba da tiya 2 ta gero kullum. Yanzu ba ya aiki, amma ya zama mai zafin kai, kuma sau biyu yana ciwon ciki.
*Mai doki, Jiratawa*

Ɗan'uwa, geron ne. Tiya 2 ta kai kilo 5, abincin mai gudu ke nan. Dokin da ke tsaye a turke ba shi da inda zai kai wannan ƙarfi sai cizo da harbi, kuma hatsin da ya yi yawa yana tsami a hanji, ya kawo ciwon ciki, wani lokaci ya sauka a kofato dokin ya kasa taka ƙasa. Amma kada ka yanke masa rana ɗaya. Rage kamar gwangwani guda duk bayan kwana 2, cikin mako 2 ka dawo da shi kilo 1 zuwa 1 da rabi a yini, a raba sau biyu.

Gurbin geron ciyawa ce. Doki yana bukatar busasshen abinci mai kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato mai kilo 350 zai ci kilo 7. Yawancin ya zama ingirici, harawar wake ko ta gyaɗa kamar kashi ɗaya cikin uku. Shinshina harawar gyaɗa kafin ka zuba, wadda ta sha ruwa ta yi fumfuna ta juji ce. Kada ka bar shi ya ci tohon dawa, yana da guba. Abincin kajin gona ma haka, wani yana da maganin da ke tsayar da zuciyar doki.

Sai yashi, kuma ƙasarmu ta yashi ce. Dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa yana haɗiye shi kaɗan-kaɗan har ya taru a hanji. Ɗauki curi 6 na sabon kashinsa wanda bai taɓa ƙasa ba, dama a bokitin ruwa, bar shi ya kwanta, ka tsiyaye. Idan yashin da ke gindi ya wuce cokalin shayi, kira likita, ka kuma sama masa komi. Ruwa lita 30 a lokacin sanyi, da bazara ya kai 50 ko fiye, da gishiri cokalin cin abinci 2 a yini. Ranar da ya fara tonon ƙasa, yana waiwayar cikinsa, yana neman birgima, ɗauke abinci, ja shi a hankali, ka aika a kira likita. Kada a ɗura masa mai ko jiƙo ta baki ko hanci, huhu yake shiga.

Ina so in riƙa fita da dokina da ya bar tsere bakin Gulbi har Madarunfa, amma da na hau sai ya nemi sukuwa.
*Ɗalibi, Maradi*

Ɗana, abin da aka koya masa ke nan, hawa da gudu a wurinsa abu ɗaya ne. Mako 2 na farko kada ka hau. Ja shi da ragama a hanyar da za ku riƙa bi, ya ga amalanke da babur da garken shanu. Sannan ka hau ka zauna minti guda bai motsa ba, ka sauka, ka maimaita. Canza masa linzami zuwa marar zobe mai gaɓa a tsakiya. Idan ya zabura kada ka ja da hannu biyu, dokin tsere jingina yake da linzami ya ƙara wuta. Ja gefe ɗaya ka kewaya da shi har ya sassauta. Fita da tsohon doki mai natsuwa a gaba, kuma kada ka taɓa sukuwa a hanyar komawa gida.

Fara da minti 20 na tafiya, kana ƙara minti 10 duk mako, sai bayan wata 2 ka yi tunanin tafkin Madarunfa. Yashi mai zurfi na cikin gulbi shi ne babban abokin gaban tsohuwar jijiya, bi gefe inda ƙasa ta ɗaure. Kai da sirdi kada ku wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, kilo 70 ga mai 350. Yatsu 3 su shiga tsakanin kan sirdi da ƙashin bayansa, ka kakkaɓe ƙarangiya daga jalala da majayi kafin ɗauri. Idan kun tsaya hutu, bugun zuciyarsa ya sauko ƙasa da 60 cikin minti 15, in bai sauko ba tafiyar ranar ta ƙare. Da kun dawo ɗaga kofato huɗu ka nemi ƙayar aduwa ko gawo, kuma a yi masa allurar rigakafin tetanus, ciwon sandarewar jiki, tun kafin fitar farko.

Maganin kaska da nake wanke shanu da shi, zan iya wanke doki?
*Wata Hajiya, Gidan Rumji*

Hajiya, karanta jikin kwalbar tukuna. Idan an rubuta amitraz, kada ya taɓa doki ko jaki, yana tsayar musu da hanji har ya kai ga mutuwa. Kaskar doki tana taruwa a gindin wutsiya, cikin kunne, ƙarƙashin geza da tsakanin cinyoyi. A cire ta da hannu duk yamma, a ja a hankali daga kai don kada bakinta ya karye a fata, sannan likitan bisashe ya zaɓa miki maganin da aka yi don dawaki.