Hula a hannu, da maganar "nufin Allah ne" a gidan makoki

Ɗana,

Saƙonka ya iso. Na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka fara, tunda an sa ka cikin masu zuwa gaisuwar makoki a madadin matasan ikilisiya. Ka ce me ya sa maza ke cire hula a majami'a da lokacin addu'a, alhali a wurinmu hula cikar shiga ce, babu mai zuwa gaban sarki kai ba hula. Ka kuma ce ka ji ana ta faɗa wa uwar yaron da zazzaɓi ya ɗauke "nufin Allah ne", abin ya tsaya maka a rai, har kana zaton aron magana muka yi daga maƙwabtanmu Musulmi. Tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma sura ɗaya ce ta riƙe su, wato Ishaya 6.

Annabin ya fara da faɗin lokaci: shekarar da sarki Uzziya ya rasu. Masu karatu sukan wuce wannan da sauri, alhali a nan maganar take. Uzziya ya shekara 52 yana sarauta a Urushalima, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, ya shirya runduna. Da ya yi ƙarfi sai ya kutsa cikin Haikali zai ƙona turare da hannunsa, aikin da aka keɓe wa zuriyar Haruna. Firistoci 80 tare da babbansu suka tare shi, ya husata, nan take kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a gidan da aka ware masa. Labarin yana 2 Tarihi 26. To, a shekarar da aka binne wannan sarki ne Ishaya ya ga wani Sarki zaune a kursiyi mai tsayi, rigarsa ta cika Haikali. Serafim, wato wasu mala'iku, suna tsaye, kowanne da fikafikai shida: biyu ya rufe fuska, biyu ya rufe ƙafafu, da biyu yake tashi. Suna kiran juna, "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki ne Ubangiji Mai Runduna." Ibraniyanci yana ƙarfafa magana da maimaici, kamar yadda muke cewa maza-maza, kuma cikin halayen Allah duka tsarki kaɗai aka jera sau uku haka, a nan da kuma Wahayin Yahaya 4:8. Ka ga abu biyu a wuri guda: wanda yake zaune yana mulki, kuma mai mulkin nan Mai Tsarki ne.

Kalmar tsarki a bakinmu takan kai tunani ga ruwa da wanka. A Littafi Mai Tsarki asalinta keɓewa ce: Allah dabam yake da duk abin da ya halitta, ba shi da na biyu, kuma babu ko ɗigon mugunta a cikinsa. Ka lura serafim ba su yi zunubi ba, amma sun rufe fuska. Ishaya kuwa da ya gani bai yi tafi ba, cewa ya yi kaitonsa, shi mai ƙazamin baki ne. Sai da aka ɗauko garwashi daga bagade aka taɓa leɓensa kafin ya iya cewa ga shi, a aike shi.

Maganar hula gajeriya ce. Manzo Bulus ya rubuta a 1 Korantiyawa 11:4-5 cewa namiji ya yi addu'a kai a buɗe, mace kuma ta rufe kanta. Daga nan iyayenmu suka ɗauko cire hula da ɗaura ɗankwali, kuma tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kowa yana iya buɗewa ya gani da idonsa. A fada ana tuɓe takalmi a bar hula, a majami'a ana cire hula a bar takalmi, ko da yake Musa takalmi aka ce ya tuɓe a Fitowa 3:5. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka alama ce. Abin da jiki yake faɗa shi ne ka san gaban wanda kake. Ka riƙe al'adar, tana da kyau: kana taka ƙofar majami'a ka cire, a gidan makoki kuma ka bar ta a kai lokacin gaisuwa, ka cire in an ce a yi addu'a.

Inda abin ke lalacewa shi ne in an mayar da tsarki kan tufa da gini. Baƙo ya shigo da hula, mai karɓar baƙi a ƙofa ya daka masa tsawa a gaban jama'a, mutumin ya tafi ba ya dawowa. Abin yi shi ne a zaunar da shi, a raɗa masa a kunne, in bai gane ba a ƙyale shi har a tashi. Yarinya ta zo ba ɗankwali, wata daga Zumuntar Mata ta miƙa mata nata na ajiya ba tare da kowa ya ji ba. Labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa a sa'ar da Yesu ya mutu, kuma Ibraniyawa 10:19-22 ta ce da jininsa muke shiga, ba da shigarmu ba. In kana son ganin yadda tsarki yake a aikace, karanta Littafin Firistoci 19 gaba ɗaya. Ta buɗe da umarnin ku zama tsarkaka gama Ubangiji Mai Tsarki ne, sai ta shiga bayani: kada ka girbe gonarka har gefe, ka bar wa matalauci da baƙo kala; kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka; kada ka zagi kurma ko ka sa wa makaho abin tuntuɓe; ka miƙe wa mai furfura; mudunka da ma'auninka su zama na gaskiya. Wanda ya cire hula ranar Lahadi ya kuma bubbuge gindin mudunsa ranar kasuwa, bai karanta surar ba.

Yanzu ga babbar tambayarka. Koyarwar cewa Allah ne mai mulkin kome ba aro ba ce. Harshe ɗaya muke yi da maƙwabtanmu Musulmi, don haka kalmomi sukan zo ɗaya, su kuma suna da nasu bayanin ƙaddara da malamansu ke yi. Namu tushen a rubuce yake. Yesu ya ce ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa ba da yardar Ubanku ba, har gashin kanku a ƙidaye yake (Matiyu 10:29-30). Yakubu 4:13-15 ta tsawata wa 'yan kasuwa masu cewa gobe za mu gari kaza mu shekara mu ci riba, ta ce su ce in Ubangiji ya yarda. Saboda haka in ka ji tsoho ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, bai kauce ba.

Amma mai mulkin nan Mai Tsarki ne, shi ya sa ba a jingina masa mugunta. Yakubu 1:13 ta ce ba ya jarabtar kowa da mugunta. Malaman ikilisiya sukan bambanta abin da Allah ya umarta da abin da ya ƙyale ya faru yana kuma juya shi zuwa nasa nufin. Yusufu ya faɗa wa 'yan'uwansa a Farawa 50:20 cewa su sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi alheri. Aiki ɗaya, nufi biyu, kuma laifin 'yan'uwan bai goge ba. Bitrus ya yi irin wannan magana a kan gicciye a Ayyukan Manzanni 2:23: bisa shirin Allah aka ba da Yesu, amma ku kuka kashe shi ta hannun mugaye. Yadda biyun suke haɗuwa ba a buɗe mana duka ba, Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana shi ne namu. Abin da aka bayyana kuwa ya isa ya hana mu sakaci.

Dubi Ayyukan Manzanni 27. Mutum 276 a jirgin ruwa, hadiri ya kwana 14 yana jifa da su. Mala'ika ya riga ya faɗa wa Bulus ba wanda zai mutu. Duk da haka da ma'aikatan jirgin suka so su sulale a ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce wa jarumin soja in waɗannan ba su zauna ba, ba za ku tsira ba. Ya kuma matsa wa kowa ya ci abinci. Allah da ya ƙaddara tsira, shi ya ƙaddara ta zo ta hannun matuƙa da gurasa. Nehemiya ma addu'a ya yi ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Doka ta ce mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidansa (Maimaitawar Shari'a 22:8). A wurinmu wannan ita ce rijiyar tsakar gida da ba murfi, da yaron da ya kwana uku jiki zafi ba a kai shi an gwada jininsa ba, da mai juna biyu da ba ta taɓa zuwa awo ba. Faɗin "nufin Allah ne" a kan irin waɗannan don a rufe zance, ɗora wa Mai Tsarki sakacinmu ne, kuma yaro na gaba shi zai biya.

Sai dai gidan makoki ba wurin wannan bincike ba ne, ka riƙe wannan da kyau. Uwar da ta binne ɗanta jiya ta riga ta tuhumi kanta fiye da yadda wani zai tuhume ta. Maganar asibiti da gidan sauro da murfin rijiya, dattawa da Zumuntar Mata ne za su ɗauko ta bayan makonni, a koyarwa ga kowa da kowa, ba tare da an nuna gida ba.

Ayar da aka fi ja a makoki ita ce Ayuba 1:21, "Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa." Ka lura da wanda ya faɗe ta. Ayuba ne da bakinsa, mai 'ya'ya goma da suka mutu rana ɗaya, kuma sai da ya kece rigarsa ya aske kansa ya faɗi ƙasa. A bakin wanda aka yi wa rasuwa sujada ce. A bakin mai gaisuwa da 'ya'yansa ke gida lafiya, takan zama kamar umarni cewa a yi shiru. Abokan Ayuba uku sun kyauta a kwana bakwai ɗin da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna bayyana dalilin Allah ne suka ɓata, har Ubangiji ya ce ya husata da su don ba su faɗi gaskiya game da shi ba (Ayuba 42:7). Yesu kuwa ya san zai ta da abokinsa Li'azaru daga matattu nan da ɗan lokaci, amma ya tsaya ya yi hawaye.

Don haka in kun je, kada ku wuce mutum huɗu ko biyar, gidan ya riga ya cika. Ku fara da dattawan da ke zaune a ƙofar gida, ku durƙusa ku gaisa, sannan a yi muku iso ciki. Ka zauna ƙasa ko a tabarma, kada ka tsaya a kan mai makoki. "Sannunku da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku" ta isa. Kada ka tambayi abin da ya kashe shi, in suna so za su faɗa, kai kuma ka saurara ko da labarin ya maimaitu sau uku. Kada ka ce a daina kuka: 1 Tasalonikawa 4:13 ba ta hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ta hana. Mutum ɗaya ya yi addu'a, minti biyu ko uku, ya ambaci sunan mamacin da sunayen waɗanda ya bari, kada ya juya addu'ar ta zama wa'azi. In za a yi karatu, Zabura 23 ko 90 ko farkon Yahaya 14, 'yan ayoyi kawai. Romawa 8:28, mai cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, gaskiya ce, amma ka adana ta sai mai makoki ya fara tambaya da kansa. Gudummawa, ko kuɗi ko hatsi ko itace, a ba wanda iyali suka sa karɓa, kada a ƙirga a gaban gwauruwa.

Abu ɗaya ne zan ce ka yi magana a kai ko da kai ne ƙarami a wurin, amma ta hannun dattijo ko fasto, a gefe. In ka ji an fara raɗe-raɗin cewa wance ce ta kama kurwar yaron, ko matar mamaci ce ta ci mijinta, kada ku tafi ku bar shi ya kwana. Zargin maita yakan faɗa ne a kan tsohuwa marar gata ko gwauruwar da ake hangen gonar mijinta, kuma yana ƙaryata duk abin da muka faɗa a sama: bakin da ya ce Ubangiji ne ke riƙe da rai da mutuwa ba zai juya ya ce wata tsohuwa ta ƙwace ikon ba. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Da aka zo maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Sannan ku koma. Kwanakin farko gida cike yake, amma bayan mako biyu an naɗe tabarmi, dangi sun watse, a lokacin ne kaɗaici ke shigowa. Ku biyu kun isa. In damina ce ku tambayi inda aka tsaya a noman gonar, ku sa rana matasa su je gayya. In akwai 'yan makaranta ku binciki kuɗin zango mai zuwa, ku kai wa dattawa maganar kafin a koro yaran.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka